Faɗin Jaki da Mangala

A Tungar Maiturare, wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar Bagega, in aka ce Sanda magini ba a ƙara tambayar wane Sanda. Shi ke gina rumbu. Rumbun da ya ɗora a kan duwatsu sai dai mai shi ya mutu ya bar wa 'ya'ya, damina ba ta kayar da shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, kuma magana ba ta dame shi ba. In ka gaishe shi ya amsa, in ka ja shi da hira ya ci gaba da cuɗa ƙasarsa har ka gaji don kanka ka kama gabanka. Tsofaffin garin kan ce an yi masa rowar baki, aka biya shi da hannu.

Wajen ubansa ya gaji ginin, ya kuma gaji gidan da ke ƙarshen gari ta yamma, wanda daga bayansa sai gonaki, sai kwazazzabo, sai daji. Akwai kuma wata magana da tsohon ya bar masa, wadda yake yawan faɗi in an zo shari'ar iyaka: hanya ta Allah ce, ba a hana ta, ba a sayar da ita. Sanda ya riƙe maganar kamar yadda ake riƙe duk wata maganar uba, bai taɓa zaton za a wayi gari ta tambaye shi jini ba.

Matarsa Zaliha wabi ta yi ta yi. Ta haifa, a yi suna, kafin yaye a kai maƙabarta. Har mutane sun daina yi musu barka da ƙarfi, sai a shigo a ce Allah ya raya a fita da sauri. Sai da furfura ta fara tsiro wa Sanda a gemu aka sami Nusaiba, ita kuwa ta zo da niyyar zama. Ta yi ɓul-ɓul, ta zauna da wuri, ta fara rarrafe tana bin kaji. Mutumin da ba ya magana sai ga shi ana jiyo shi daga waje yana yi wa jaririya kukan akuya don ta yi dariya. A makon da aka haife ta aka haifi Ummukulsum a gidan maƙwabcinsu Almustapha, rana ɗaya aka yi musu suna, wanzami ɗaya ya yi musu aski.

Almustapha ƙanen bayan Sanda ne a shekaru, mai fara'a, mai saurin shiga sabon abu. Gidansa na manne da na Sanda ta gabas, darnin kara ne kawai tsakani, kuma gidaje sun rufe shi ta ko'ina, ƙofarsa guda ce, tana kallon babban titin gari. Da zinari ya ɓulla a dazukan ƙasar Anka, shi ne na farko a layinsu da ya jingine fartanya. Wannan zamani kuwa wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Injin niƙan dawa ya koma niƙan dutse, turmin daka fura ya koma dakan dutse, baƙi suka cika gari da harsuna iri-iri, yaron da jiya ba shi da takalmi yau ga shi bisa sabon babur yana watsa wa dattijai ƙasa. Kowa ya haukace, har da masu wa'azin a yi hankali.

Wata rana bayan la'asar, Sanda na tattaka ƙasa a bayan gida, Almustapha ya zo ya tsuguna.

“Yaya Sanda, wata alhwarma niz zo nema.”

“Hwaɗi.”

“Dutsen ga da nika ɗaukowa daga rami, sai na zagaye gari duka da jakkai kahin in kai gida. Kowa na ƙirga min buhu da ido. Da ka buɗe min darni ta bayan rumbunanka in riƙa ratsawa. Ba wani abu mai yawa ba, Yaya, hwaɗin jaki da mangala.”

Sanda ya dubi wurin. Ɗan tsiri ne tsakanin rumbuna da bishiyar zogale, ba a shuka komai a ciki sai kabewa da ke fitowa don kanta. Ya ce zai shawarci mai ɗaki. Zaliha ba ta so ba. Ta ce ƙatti za su riƙa wucewa tana tsakar gida, kuma ƙurar dutsen nan tana sa ta tari. Sanda ya ce zai kafa zana ya kare ta daga idon maza, ƙura kuwa ai ba ta kashe kowa. Ta ƙyale shi, don ta san in ya faɗi magana biyu a jere to ya gama shawara. Washegari da hannunsa ya yanke darnin, ya auna da igiya daidai yadda jaki zai wuce da kaya ba tare da ya goge rumbu ba.

Almustapha ya zo da kuɗi a naɗe cikin leda, Sanda ya ɓata rai kamar an zage shi.

“Mai da abinka. Ubana bai sai da hanya ba, ba ni za ni hwara ba.”

To shi Bahaushe, a yi masa alheri ya kasa ramawa, nauyi ne da ke hana shi sakewa. Almustapha ya yi ta neman abin da zai bayar wanda ba za a kira shi kuɗin hanya ba, har ya ji matarsa A'isha na cewa daɓen ɗakin Zaliha ya farfashe, Nusaiba na kurje gwiwa. Shi kuwa a bayan gidansa ga tulin garin dutse, ragowar da ake zubarwa in an wanke an tsince zinarin. Laushi gare shi kamar garin alkama, in rana ta taɓa shi har wani ƙyalli yake yi. Ya cika mangala ya aiko da shi, ya ce a yi wa ɗiyarsa Nusaiba daɓe. Wannan kam ba a mayarwa. Ƙasa ce, kuma kyauta ce ga yarinya.

Sanda ya damƙi garin ya murza, ya jiƙa ya murza, ya ce tun da yake gini bai taɓa taɓa ƙasa mai kyan wannan ba. Mata suka taru da madaɓai, aka jiƙa makuba, aka yi waƙa aka yi guɗa, ɗaki ya fito sumul kamar an shafa mai. Har daga wata unguwa ake zuwa kallo. A kan wannan daɓe Nusaiba ta ƙarasa rarrafenta. A kansa take zama da ɗan ƙoƙonta, tuwo ya faɗi ta tsince ta kai baki, ta lashi tafin hannu, uwar na dariya tana cewa ai ɗaki tsaf yake.

Da bazara ta kama sai yara suka fara ciwo. Amai, kuka ba dalili, sai jijjiga, ido ya kafe. Aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce ta biyo masu haƙa daga rami, aka yi rubutu, aka yi turare. Nusaiba ta daina bin kaji, ta daina dariyar kukan akuya. Ranar da jijjigar ta kama ta, Sanda ya saɓe ta ya hau bayan babur zuwa Anka, ba su kai rabin hanya ba ya taɓa kafaɗar mai babur ya ce su juya. A hannunsa ta cika. A wannan shekara sashen yara na maƙabartar Tungar Maiturare ya cika har aka ƙara fili, masu haƙa kabari suka daina mayar da diga gida.

Bayan an yi ta asara ne likitocin agaji suka iso da motoci, suka ce gubar dalma ce, a cikin dutsen take, ƙurar ce ke shiga cikin yara. Aka kwashi waɗanda suka rage zuwa asibiti, har da Ummukulsum. Wasu ma'aikata kuma suka bi gida gida da wata 'yar na'ura da ake ɗora wa ƙasa. A cikinsu akwai wata ma'aikaciyar jinya, Gladys, mutuniyar Filato, ita ke yi musu tafinta. Aka auna tsakar gidan Sanda, aka auna ratsen bayan rumbu, suka girgiza kai. Da aka shiga ɗakin Zaliha aka ɗora na'urar a kan daɓen nan mai sheƙi, sai mai riƙe da ita ya ɗaga, ya goge, ya sake ɗorawa.

“Baba, wannan ƙasa daga ina aka kawo?” in ji Gladys.

Sanda ya gaya mata.

“Akwai yaro a ɗakin nan?”

Sanda ya kawar da kai. Idonta ya kai kan ɗan ƙoƙon da ke rataye a bango, ta sunkuyar da kai ta ce, “Sannu, Baba. Allah ya ba da haƙuri.”

Nan Sanda ya gane. Shi ya yanke darni, shi ya murza ƙasar ya yabe ta, shi ya ce ƙura ba ta kashe kowa. Baƙin cikin da ya shige shi ranar bai sake fita ba. Abin da ya ƙara ƙona masa rai kuwa, ko da yake ya san saɓo ne ya ji haka, shi ne Ummukulsum ta dawo da rai. Gidan da aka niƙa dutsen ɗiyarsu ta tsira, shi da ya ba da hanya kawai tasa tana ƙasa.

Almustapha ya zo ya durƙusa yana kuka, ya ce wallahi bai sani ba. Sanda ya ce ya san bai sani ba, Allah ya yafe musu baki ɗaya. Da ma'aikata suka gama kankare ƙasar gidan suka zuba sabuwa, sai ya tumɓuke darnin gaba ɗaya. Ya yi tubali da hannunsa, ya ja katanga tun daga zaure har bayan rumbuna, mai kauri, mai tsawon da ko dogon mutum ya miƙa hannu ba zai taɓa kanta ba. Duk gwanintarsa ya zuba a ciki. Ranar da ya gama ya dafa Alƙur'ani a gaban Zaliha ya rantse, muddin yana numfashi ba mai sake ratsa masa gida.

Shekaru suka yi ta tafiya. Zaliha ba ta sake haihuwa ba. Sanda da Almustapha suna gaisawa a masallaci, suna zuwa wa juna jana'iza da suna, iyakarta ke nan. Ummukulsum ta girma, amma gubar ta riga ta ci rabonta. Kunnenta ya yi nauyi, ƙafar hagu tana ja, hankalinta ya tsaya a na ƙaramar yarinya. Ba wanda ya koya mata, ita ta ɗauki Zaliha uwa ta biyu. Kullum da hantsi za ta fito ƙofarsu, ta bi titi, ta zagayo lungu tana jan ƙafa har gidan Sanda, ta ce, “Inna, na zo.” Zaliha ta yi mata kitso, ta ƙunsa mata lalle. Sanda ba ya iya kallonta, don duk tsawon da ta ƙara, tsawon da Nusaiba za ta kai ke nan. Amma bai taɓa dawowa daga kasuwar Bagega ba tare da ƙullin alewa ko rake ba, ya ajiye gaban Zaliha yana kallon wani wuri, ya ce a ba yarinyar can.

Sai kuma aka shiga zamanin 'yan bindiga. Da farko labari ake ji daga nesa, daga baya ya zamana ana kiran sunayen mutanen da aka sani. Gonakin nesa suka gagara. Kowane gida ya koyi abu guda: in ka ji ƙugin babura da yawa, kada ka tsaya ɗaukar komai, kada ka bi titi, ka faɗa gona ka nufi kwazazzabo. Gidan Sanda kuwa ƙofar bayansa a bakin gonar take.

Da damina ta yi nisa, dawa ta rufe mutum, Almustapha ya yi sallama a zauren Sanda. Shi ma ya manyanta, zinarin bai bar masa komai ba sai tari. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

“Yaya, na san ba ni da bakin roƙonka hanya. Ni ad da laihi, har gobe. Amma ƙohwata titi taka kallo, kuma ta titi suka shigowa. Ni da A'isha muna iya gudu. Ummu ba ta iyawa, ba ta ko jin baburan. Ka huda muna 'yak kahwa, ko wadda mutum zai sunkuya shi wuce.”

“Na yi rantsuwa.”

“Na tambayi liman. Yac ce rantsuwa irin wagga ana kaffara a warware ta. Ni za ni ɗauke maka ciyarwar.”

“Almustapha,” in ji Sanda, “ranad da nib buɗe maka hanya, mi yab biyo ta?”

Almustapha ya sa hularsa ya tashi.

Zaliha ta ji komai daga bayan zaure. Matar da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba ta zo ta tsaya a kansa.

“Malam, ɗiyata ta tahi, ba katanga ka maido ta ba. Wagga da tar rage ita ka ce min Inna. Ka ji tsoron Allah.”

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Sau da yawa ya je ya tsaya gaban katangar da diga a hannu, sai ya ga daɓen nan mai sheƙi a idonsa, hannun ya mutu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. A ƙarshe ya samo wa kansa wata dabara irin ta mai son ya yi kyauta ba tare da ya buɗe hannu ba. Ya sassaƙa tsani mai ƙarfi, ya aika da shi gidan Almustapha, ya ce a jingina a katanga, in ta ɓaci su hauro. A ransa ya ce hawa ba ratsawa ba ne, rantsuwa na nan, maƙwabtaka na nan. Ya san yadda yarinyar ke jan ƙafa. Ya sani sarai, ya dai ƙi tsayawa ya yi tunanin.

Ranar kasuwa suka zo, da hantsi, tun Ummukulsum ba ta fito ba, lokacin da yawancin maza ba sa gari. Sanda na gyaran bakin wani rumbu ya ji ƙugin, sai harbi. Ya finciki Zaliha suka fita ta baya, har sun shiga dawa ya jiyo muryar Almustapha daga bayan katanga.

“Yaya Sanda! Yaya! Ka tarbe ta!”

Ya tura Zaliha gaba ya dawo da gudu. A'isha ta riga ta hauro ta faɗo, tana ƙasa riƙe da ƙugu tana kiran sunan ɗiyarta. Ummukulsum kuwa ta hau tsanin ta tsaya. Tsoro ya kama ta, ƙafar ta ƙi ɗaguwa, uban na turo ta daga ƙasa tana kuka. Abin da Sanda ke iya gani kawai yatsunta ne a kan katanga, jajaye da lallen da Zaliha ta ƙunsa mata shekaranjiya. Ya yi tsalle bai kai ba. Ya nemi abin takawa, tsanin na wancan gefe. Ya jawo turmi ya hau, ya miƙa hannu har ya taɓa yatsun, yana cewa, “Ummu, kamo ni, Baba na,” ita kuwa ba ta ji. Ya kai wa katangar naushi, ya kai mata kafaɗa. Ginin Sanda ne, ko ɓarɓashi bai zubo ba.

Sai ya ji an banke ƙofar gidan Almustapha, ya ji baƙin muryoyi, ya ji harbi guda. Yatsun suka zame.

Almustapha bai mutu ba, a cinya aka same shi. Ummukulsum aka kora daji tare da sauran waɗanda aka kama. Bayan kaka wasu daga cikinsu suka dawo, ƙashi da fata. Wata mata a cikinsu ta ce tun a tafiyar farko yarinyar ta kasa bin sawu, ana daka mata tsawa ba ta ji. Daga nan matar ta rufe fuska da mayafi, ba wanda ya ce ta ƙarasa. Aka yi mata salla ba gawa.

Washegarin sallar, Sanda ya ɗauki diga. Bai je wajen liman ba, bai yi wa kowa magana ba. Yini guda yana sara, don katangar ba ta san mai ita ba, sai da hannayensa suka fashe. Ya buɗe ta a daidai inda ya yanke darnin a da, ya share ɓaraguzan, ya daidaita gefe da gefe. Wanda ya san wurin tun farko ya ce faɗin bai ƙaru ba bai ragu ba.

Yanzu Sanda ya daina ginin rumbu, da ma wa ke tara hatsin da zai zuba? Zaliha tana nan, ba ta yi masa gori ko sau ɗaya ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta daina dai sayen lalle. Kafar na nan a buɗe, kabewa ta sake fitowa a gefenta, awaki na shiga suna fita.

Da Almustapha ya fara takawa da sanda, wata safiya ya fito zai je duba 'yar gonarsa da ke bayan gidan Sanda. Sanda na zaune a gindin rumbu ya hango shi ta kafar, yana ɗingishi ya nufi ƙofar titi, zai yi zagayen nan mai nisa. Ya miƙe da sauri.

“Almustapha. Ga hanya. Ratso ta nan.”

Almustapha ya tsaya. Ya dubi kafar, ya dubi tsanin da har yau ke jingine a gefenta. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

“Bar shi, Yaya,” ya ce. “Ni ina iya zagayawa. Da ma ba don ni nir roƙa ba.”

Ya juya ya fita ta ƙofar titi. Sanda ya tsaya yana jin ƙarar sandar a ƙasa, tana bin lungun da yarinyar ke bi kullum da hantsi, har ta zagayo ta wuce ƙofar gidansa.